Shekarar da Tafarnuwa Ta Ƙare a Garinmu

Jiya da hantsi maƙwabciyata tana daka kayan miya, sai iska ta kwaso ƙamshin tafarnuwa ta haura katanga ta same ni ina wanki. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina dariya ni kaɗai, har 'yata ta leƙo ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce mata lafiya lau. Ba labarin da ake bayarwa a tsaye ba ne. Kai da ka samu wuri ka zauna kana karatu, kai zan ba shi.

Garinmu ƙauye ne a arewacin Konni, a kan hanyar da amalanken jakuna ke bi zuwa kasuwar Illela. A farkon shekarun casa'in, lokacin ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya, ba mu da wutar lantarki, kuma rediyon da ke garin ba su da yawa. Labarinmu yana bakin mai shela ne, wani siririn tsoho mai 'yar ganga a hammata. Bayan la'asar zai fito, ya tsaya bakin rijiya, ya tsaya ƙofar masallaci, ya ƙare a gindin gawon da ke tsakiyar gari. Daga bakinsa muke jin akuyar wane ta ɓata, matar wane ta sauka, gobe akwai gayya a gonar wane. In ya buga gangar nan, har masu daka sukan tsai da taɓarya.

A wata kaka, bayan an gama ɗaure gero an cika rumbuna, kawuna, ƙanen innata, ya dawo daga cirani a Najeriya. Sauran samari sukan dawo da rediyo ko keke ko yadin shadda. Shi kuwa sai ga shi a kan amalanke ya rungume kwalaye kamar mai rungume da jinjiri. A ciki akwai talabijin, wadda muke ce wa tele, da na'urar bidiyo, da ƙaramin injin wuta. Ya share tsohon zauren marigayi kakanmu, ya toshe tagogin da buhuna, ya shimfiɗa tabarmi. Daga ranar, in an sallame la'asar, sai ka ji injin ya yi tari ya kama, warin fetur ya gauraye da na gyaɗa soyayya da 'yan talla suka jera a bakin ƙofa. Kafin kiran magariba an tashi.

Da farko fina-finan Indiya yake sa mana, da na 'yan Sin masu faɗa. Duk ranar kasuwar Konni zai hau kekensa ya je ya musanyo kaset. Yara mata ba kasafai ake barinsu shiga ba, sai dai su leƙa ta ramin buhu, amma ni 'yar gida ce. Ina da wurina a gaba, kusa da ƙafar tebur.

Wata ranar kasuwa aka ba Kawu wani kaset marar hoto a jiki. Shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Aka kunna. Ba waƙa, ba rawa, ba faɗa. Sai wani tsohon gida na Turawa, da iska tana kaɗa labule, da wani dogon akwati a ƙasan gidan. Muna cikin gunaguni, sai murfin akwatin ya motsa, farin hannu mai dogayen farata ya fito. Wani ƙato ya tashi zaune, fari fat kamar an shafa masa toka, ya buɗe baki, sai ga haƙora biyu kamar na kare. Wallahi, ihun da aka yi a zauren nan har jakunan da ke ɗaure a waje sai da suka amsa. Wani saurayi da ake ji da shi a kokawa ya fita da gudu ya bar takalminsa. Amma abin mamaki, da fim ya ƙare, babu wanda ya tashi. Kowa cewa yake a sake.

Mun sa masa suna Mayen Akwati. Da Turancin Ingila ake magana a fim ɗin, kuma babu mai jin sa a garin, sai abokin Kawu, telan garinmu, wanda ya yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, ya ɗauki aikin fassara. Faransanci ya koya, shi ma kaɗan, amma hakan bai hana shi komai ba. In Mayen ya rusuna wa wata baturiya, sai tela ya ce, "Ya ce mata ina wuni, ina gajiya, yaya mutanen gida." Gobe in aka zo daidai wurin, sai ya ce, "Ya ce mata yunwa yake ji." Ba mu taɓa riƙe shi da saɓanin ba.

Kawu ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya riƙa neman irin waɗannan kaset ɗin. Mu kuwa muka zama 'yan kallo na gani-kashe-ni. Mukan fere totuwar karan gero mu yi haƙora, mu maƙala a bakinmu. Ruwan zoɓo ya zama jini. Baƙaƙen zannuwan iyayenmu suka riƙa ɓacewa daga igiya, a gan su a kafaɗar yara maza suna tsalle daga kan rumbu. Malaminmu na lakwal, wanda muke ce wa Mushe, ya ƙwace haƙoran kara har ya gaji, wata rana ma muka kama shi ya juya baya yana gwada guda biyu a bakinsa. A bakin rijiya, maimakon hirar biki, gardama muke yi a kan ƙa'idojin Mayen. Ni ce malamar wannan fanni, don babu kaset ɗin da ya wuce ni. Na san ba ya fita da rana, hasken rana ƙona shi yake. Na san ba ya ganin kansa a madubi. Na san, fiye da komai, ba ya iya warin tafarnuwa.

Wannan sani na ƙarshe shi ya jawo abin da ya jawo. Cikin ɗan lokaci kowane yaro a garin yana da tafarnuwa a wuya, an huda an zura zare kamar laya. Mai teburin kayan miya ya sayar da tasa kaf, ya saro wata ita ma ta ƙare. Waɗanda ba su samu ba suka rataya albasar Galmi, aka kuma buɗe sabuwar gardama a kan ko albasa tana aiki. Muka yanke cewa tana yi, amma rabin aiki. Ajinmu ya riƙa wari kamar tukunyar miya. Kakata ta wajen uwa, mahaifiyar Kawu, ta ɗaga kwandon da take ɓoye tata ta tarar wayam, yayyena maza sun riga ta. Ta yi ta faɗa, mu kuwa muna dariya a bayan danga.

Haka muka ci gaba har sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Ka san bazarar ƙasarmu, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, randa ta yi ɗumi, tsuntsaye su buɗe baki a inuwa. A wannan shekarar ta zo da sanƙarau. Muka fara jin labari daga masu zuwa kasuwa: a ƙauye kaza yaro ya kwanta da ciwon kai da safe, wuyansa ya sandare, kafin kwana biyu an kai shi makwanci. Iyayenmu suka daina dariya da ƙarfi. Wata la'asar mai shela ya buga ganga ya ce maigari na gaishe da kowa, gobe masu lamba, wato masu rigakafin cutar, za su zo daga Konni, kowace uwa ta fito da 'ya'yanta gindin gawo.

Washegari da rana tsaka farar mota ta iso. Muna tsaitsaye a layi, iyaye mata na riƙe da ƙananan. Sai babban malamin likita, wanda ake ce wa majo, ya fito. Dogo ne siriri, fari sosai, ya sa baƙin tabarau da doguwar farar riga, kuma Allah ya yi shi da haƙoran sama da suka ɗan turo leɓe. Bayansa mutum biyu suka sauko da wani dogon akwati, wanda daga baya muka gane na ƙanƙarar ajiye magani ne. Suka ajiye shi a ƙasa. Majo ya duba mu, ya yi murmushi.

Wani yaro daga bayan layi ya ƙwala ihu, "Mayen Akwati!"

Ban san lokacin da ƙafafuna suka ɗauke ni ba. Kafin ƙiftawar ido babu yaro ko ɗaya a gindin gawo. Wasu sun faɗa rumbu, wasu sun shige tarin kara, ni da ƙanwata muka kwanta a ƙarƙashin gadon Kaka muna damƙe da tafarnuwarmu. Iyaye mata da ba su taɓa ganin fim ɗin ba suka ji 'ya'yansu na kukan za a sha jininsu, sai maganar ta canza kama a bakinsu, ta zama wai jinin yara za a ɗiba a kai wa Turawa. Kowa ya ja nasa ya rufe ƙofa. Masu lamba suka zauna har la'asar, ba su samu kowa ba sai 'yan tsofaffi. Da za su tafi, majo ya gaya wa maigari cewa sau ɗaya kawai za su iya dawowa, bayan kasuwar Konni, don akwai ƙauyuka da yawa da ke jiransu.

Maigari ya fusata ƙwarai. Ya sa aka kira Kawu a gaban dattawa, ya ce ya rufe zauren, ya fitar da akwatin kallonsa daga garin. Kawu ya dawo gida ya zauna a kan turmi. Duk abin da ya tara a cirani yana cikin kayan nan. In aka rufe, komawa zai yi Najeriya ya bar matarsa da jaririn da ko zama bai fara ba. Amma na ga a fuskarsa ba wannan ya fi cin ransa ba. Ya ce wa Kaka, "Inna, in wani ɗa ya mutu garin ga, ni za a ce na kashe shi. Kuma ba a yi ƙarya ba."

Kaka ta miƙe. Ta ɗauki gyalenta, ta dogara sandarta, ta nufi ƙofar maigari. Sa'arsa ce, tare suka yi wasan ƙasa, don haka takan faɗa masa abin da wasu ba za su iya ba. An ce ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, kai ka ga abin ga da idonka? Ni dai ban gani ba. In an fid da akwatin, tsoron na nan cikin ɗiyanmu, ba ya bin amalanke. Mu tai mu ga mi ne ne tukun."

Haka aka yi kallon da garinmu bai taɓa mantawa ba. Da hantsi aka ta da injin, maigari ya shigo da dattawa, Kaka ta zo da ƙawayenta tsofaffi. Liman ya ce shi ba zai shiga ba, amma ya turo ladan. Kaka ta kamo hannuna ta zaunar da ni gefenta, ta ce, "Ƙawata, an ce ke ce malamar mayu. Zamna nan ki yi mini bayani."

Ni dai a tsorace nake kada ta suma. Ashe ban san kakata ba. Da murfin akwatin ya buɗe, ƙawayenta suka yi salati, ladan ya rufe fuska da hula, maigari ya gyara zama yana motsa baki. Ita kuwa ta miƙa wuya ta ƙura ido, ta ce, "Wanga ƙato duk yini kwance yake? To, wa ka yi mishi noma?" Da baturiyar ta bar tagarta a buɗe, sai Kaka ta buga sanda a ƙasa: "Ke sakarya, tashi ki ruhe taga! Uwarki ba ta hore ki ba?" Tela ya buɗe baki zai yi fassara, ta ce ya yi mata shiru, ita ma tana da ido. Da aka zo ƙarshe, aka yaye labule rana ta faɗa wa Mayen ya zama toka, Kaka ta rangaɗa guɗa. Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Da muka fito haske, ta tsai da ni a gaban kowa. Ta tambaye ni, ashe rana ce ke kashe shi? Na ce i. Ta ce, tafarnuwa fa? Na ce ko warinta ba ya iyawa. Ta ce, "To, shi mutumen da kunka guje ma, da wane lokaci ya zo?" Na tuna yadda rana take dukan farar rigarsa. Na ce, amma ai ya sa baƙin tabarau, wataƙila su ne kariyarsa. Kaka ta gyaɗa kai kamar na kawo hujja mai nauyi. Ba ta yi mini dariya ba, kuma har yau ina gode mata da wannan. Ta juya ga maigari ta ce a bar mata sauran.

Jajiberin dawowar masu lamba, mai shela ya zaga da wata shela da ba a taɓa jin irinta ba. Ya ce tsohuwa ta gayyaci baƙon nan mai farar riga cin tuwo gobe da rana tsaka, a fili, ba a inuwa ba, kuma kowane yaro ya kai mata ƙwaya ɗaya daga tafarnuwar wuyansa. Muka yi ta kaiwa har ta cika ƙwarya. Da safe na ga tana dakawa, idanunta na zubar da hawaye, ta juye duka cikin miyar kuka. Warin ya kai har bakin rijiya.

Motar ta iso. Kawu ya tare majo ya yi masa bayani a gefe. Muna leƙe daga bayan danga, daga kan katanga, daga rassan itace, kowa ƙafarsa a shirye. Mutumin nan, Allah ya saka masa da alheri, bai yi fushi ba. Ya taka zuwa tsakiyar fili, ya cire tabarau, ya ɗaga fuska ya dubi sama. Bai ƙone ba. Ya zauna a tabarma, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma ya dangwalo miya sosai ya kai baki. Sai ya zaro ido, ya kama maƙogwaro da hannu biyu, ya karkata kamar zai faɗi. Ƙanwata ta saki kuka, wasu har sun fara gudu. Sai ya miƙe zaune, ya yi wata irin gyatsa, ya miƙa wa Kaka akushi ya ce, "Inna, da saura?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata na riƙe ciki, tsofaffi na share hawaye. Ya cinye tuwon tas, gumi na zuba daga haɓarsa. Kaka ta naɗe hannun rigarta ta ce a fara da ita, sannan ta jawo ni. Abin yin lambar wata 'yar bindiga ce da ake takawa da ƙafa, a ɗora a damtse, ta yi tas, shi ke nan. Da na ga ba a ɗebi jinina ba, ni na koma na zaƙulo ƙawayena daga maɓoyarsu. Kawu ya hau kan amalanke ya ce duk wanda aka yi wa lamba, yau kallo kyauta ne. Layin ya kai har ƙofar masallaci. Har makiyayan da ke zaune a bayan gari suka kawo 'ya'yansu, matansu suka ajiye ƙoren nono suka shiga layi.

Cutar ba ta ƙyale yankinmu ba. A ƙauyen da gwaggona take aure an yi rashe-rashe, ɗanta ma ya kwanta ya tashi, amma ya kurumce, bai ƙara ji ba har ya girma. A garinmu ta zo da sauƙi, damina ta sauka ta wanke ta. Maigari ya janye maganarsa, da sharaɗin kada injin ya yi ƙara lokacin salla, kuma kada a sa wa ƙananan yara fim ɗin tsoro. Kawu bai sake zuwa cirani ba. Kaka kuwa ta samu kujera 'yar tsugune a zauren, kuma duk ranar kasuwa takan ce masa, "In ka ga na mayun nan ka ɗauko, na Indiya kuka ya yi musu yawa."

Yau Kaka ta daɗe a ƙasa, mai shela ma haka, kuma ba wanda ya gaji gangarsa. Zauren ya zama wurin ajiye buhunan wake. Labari yanzu ta waya yake shigowa, na gaskiya da na ƙarya a haɗe, ya shiga kowane ɗaki ba sallama. In jita-jita ta tashi, ban san yadda za a tara gari guda a tabarma ɗaya a ce a duba ta da ido ba, don kowa nasa allon yana aljihunsa.

Da sallar da ta wuce na je gida gai da Kawu. Ya tsufa, gemu ya yi fari, yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi. Wani jikansa na gefe ya toshe kunnuwa da 'yan wayoyi, ya dunƙule a kan wayarsa, lokaci-lokaci yana zabura. Kawu ya taɓa shi da sanda ya tambaye shi abin da yake kallo. Yaron ya ce fim ɗin tsoro ne, ya miƙa masa. Kawu ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, ya ce lalle waɗannan sun fi namu iya ban tsoro. Sannan ya mayar masa, ya dube shi da tausayi.

Ya ce, "To kai, in tsoron ya kama ka, wa kake riƙewa?"

Yaron bai gane tambayar ba. Ni da Kawu muka dubi juna, na matsa kusa, na ce wa yaron ya cire abin kunnen ya ƙara murya, mu gani tare.